Yadda Na Zama Alaji Makara

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi ba, kuma ko na so in manta, mutanen Zango ba za su bari ba. Har yau in na shiga taro sai wani ya kare baki da hannun riga yana tarin ƙarya. Gara in ba da labarin da bakina, tunda masu ba da shi a bayan idona sun fara ƙara masa gishiri (wai har suma na yi, ban suma ba, jingina kawai na yi da mota).

A shekarun da aka rushe Zango ne. Ga wanda bai san Wagadugu ba, Zango unguwarmu ce a tsakiyar gari, inda kakanninmu fataken goro da tufafi suka sauke kaya ba su ƙara ɗauka ba. Nan aka haife ni, nan na yi aure, nan matata Habi ta rasu. Sai hukuma ta ce tana son wurin, katafila ta shigo, aka watsa mu gefe-gefen gari, kowa da inda rabonsa ya faɗa. Ni kudu aka jefa ni, wani fili inda maƙwabcina mafi kusa tulin bulo ne. Na gina gida, mai kyau ma, har da ƙofar ƙarfe, sai dai ba mai buga ta. Ɗana yana Lome, 'yata tana aure a Yamai. Na sayi salula don kada a neme ni a rasa. Wani lokaci sai in ɗauko ta in duba ko lalacewa ta yi, in tarar lafiyarta ƙalau.

Abin da na fito da shi daga Zango mai daraja, bayan kayan shagona na yadi, ita ce motata, wadda muke kira katkat. Tsohuwa ce, irin waɗanda Turawa suka gama mora suka turo mana ta jirgin ruwa, amma a layinmu sarauniya ce. Duk amaryar da aka kai daga layin nan, a cikinta aka kai ta. Mai naƙuda ita, tarbar alhazai ita. Habi a gaba, tasbaharta rataye a madubi, baya kuwa mata sun cika har kan cinyar juna ana gardamar wa ta taka wa zani. Bayan rushewa sai ga ni ni kaɗai a gaba, kujerun baya suna kallon ƙeyata. Har na kama kaina ina yi musu hira a hanya (wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau). Ga shi ta fara tsufa na gaske. Da safe sai an lallashe ta, wani lokaci sai an tura, kuma in ta ga hawa sai ta kama tari da baƙin hayaƙi.

Sai kuma Zuwaira. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata a Zango, gajeriya, da wani gurbi a sama inda bulo ɗaya ya faɗi. Mijinta ya riga Habi rasuwa, tana riƙe da kanta da suyar masa. Tun da na yi rashi, kullum da maraice sai in ji ƙarar kwano a gurbin nan, sannan muryarta: "Maƙwabci, ga ɗan abin taɓawa." In ce, "Hajiya, ɗawainiya ba ta ƙarewa?" Ta ce, "Ka dai dawo da kwano." Iyakar hirarmu ke nan, shekara da shekaru. A cikin raina kuwa na aure ta ya fi a ƙirga, na gyara mata ɗaki, har mun yi faɗa mun shirya. A baki dai ban taɓa wuce maganar kwano ba.

Ranar da ake kwashe kaya ta tsaya a bakin abin da ya rage na katangar, ta ce, "Mu arewa aka jefa mu, bayan Kosodo. Wurin ba ya ɓata, in mutum ya so zuwa." Na ce, "Insha Allahu, Hajiya, bari in daidaita maganar motar nan." Ta dube ni, ta dubi motar, ta gyara mayafi ta tafi.

Maganar motar ita ce: in ba da katkat in cika in karɓi sabuwar bashe, ko in riƙe abata? Bashe ita ce motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda 'yan Najeriya ke ce wa a-kori-kura. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce don ɗaukar dilolin yadi nake so. Ƙarya ce, dilolina ba su fi ƙarfin amalanke ba. Gaskiyar ita ce, a wurin mutanen Zango bashe aiki biyu gare ta: ita ke kai gawa maƙabarta, ita ke kai kayan amarya gidan miji. Mai bashe ba ya kwana biyu ba a buga masa ƙofa ba. Amaren yanzu ƙananan motoci masu sheƙi suke so, ba mai neman tsohuwar katkat, amma gawa da gado da tukwane ba su daina buƙatar buɗaɗɗen baya ba. So nake a neme ni, shi ke nan. Kuma na ƙudurta ba zan je neman aure da motar da sai an tura ba. Da sabuwa zan je, in tsaya a ƙofar gidan Zuwaira, in yi magana kamar namiji.

To amma in na tashi bayarwa sai in ga tasbahar Habi a madubi, in ji kamar ɗakinta zan sayar. In na ce na fasa, sai motar ta mace mini a tsakiyar kwalta. Damina ta wuce ina shawara, wata ta zo ta same ni ina shawara. Dillalin da nake zuwa wurinsa, wani Bamoshe mai fara'a da ake kira Rasmane, har ya daina tashi in na shigo garejinsa. Sai dai ya ɗaga hannu daga kujera ya ce, "Alaji, laafi? Yau ma gaisuwa ka zo yi mata?" Ni kuma in buɗe ƙofa, in rufe, in shinshina ciki, in taɓa taya da ƙafa, in ce zan yi tunani. A gabana aka sayar da wadda na fara so, aka kawo wata, ita ma aka sayar.

Ran nan ya gaji, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Écoute, Alaji. Bar naka nan, makanike ya duba. Ɗauki wannan ka yi essai, ka gwada ta. Yau Asabar, Litinin ka dawo. In ka so, ka so. In ba ka so ba, pardon, ka bar ni in huta."

Fara ce sol, ko ledar kujeru ba a cire ba. Ranar nan na zagaye Wagadugu kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Duk inda na san 'yan Zango suna zama na bi ta wurin a hankali, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje. Wajen Kosodo ne kawai ban nufa ba. Na ce sai na saya tukuna, kada in je mata da motar aro.

Lahadi da hantsi ina zaune a tsakar gida ina kallon motar, sai salula ta yi ƙara. Sai da na zabura, don na manta irin kukanta. Sule ne, ɗan ƙanen Zuwaira, magidanci mai aiki a wata masana'anta a Kosodo. Irin haihuwar birnin nan ne da ke fara magana da Hausa, su ratsa ta Faransanci, su fita ta yaren Moshi.

"Allô, Tonton Alaji? Sule ne. An ce an gan ka da bashe jiya, c'est vrai?"

Na ce gaskiya ne (da wata irin murya, kamar na saba hawa).

"Bon, voilà. Tanti Zuwaira ce. Yau za a ɗauke ta, bayan la'asar."

Na ce, "Zuwaira? Wace Zuwairar?"

"Tanti dai, ta bayan katangarka. Wallahi Tonton, mu ma abin ya zo mana vite vite, ba wanda ya yi zato. Shi ya sa ba a samu an gaya wa mutane ba. Ka zo da motar saboda cortège, za a kai ta gidan..."

Ɗif, waya ta yanke. Na mayar da kira, wata mata ta ɗauka ta ce nan telesantar ne, shagon buga waya na kuɗi, mutumin ya biya ya tafi.

Ku yi mini adalci. An kira mai bashe an ce masa za a ɗauki mace mai jikoki bayan la'asar, abin ya zo ba zato, ba a samu an sanar da mutane ba, za a kai ta gidan... Gidan me? Ni dai na ƙarasa masa: gidan gaskiya. Kalmar nan ta cortège kuwa, a garin nan da ita ake raka gawa, da ita ake raka amarya. Aure ko gifta raina bai yi ba. Ta ina zai gifta, alhali a lissafina mijin da za ta aura yana nan zaune yana shawarar mota?

Na zauna a kan simintin tsakar gida na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Habi. Babu mai ce mini in yi haƙuri, don haka na yi abina har ya ishe ni. Sannan na miƙe da wata irin zuciya. Na ce tunda ban yi mata komai ba tana da rai, yau kam ba wanda zai riga ni. Karon farko ke nan a rayuwata da na yanke shawara ban kwana a kanta ba.

Na buɗe akwati na ɗauko farin yadin da na ajiye don likkafanin kaina. Sai kuma na tuna sabuwar unguwarsu ko masallaci an ce ba a gama ba, ina za su samu makara? Ta masallacin layinmu na Zango, ladaninmu Malam Hamidu ne ya tafi da ita unguwar Bilbalogo, gidan da ya kama haya. Na je, ba ya nan. Tsohuwar da ke da gidan ta ce mini da yaren Moshi ya tafi Kosodo tun da safe, gidan wata mata, shi da iyalinsa duka. To me ya rage? Na girgiza kai na ce tsufa ya kama Malam, ya tafi jana'iza ya bar makara a gida. Masu shagon ƙofar gida suka kama mini muka ɗora ta a baya, na lulluɓe da tabarma na ɗaure.

Na kunna fitilu masu ƙiftawa na kama hanya a hankali, yadda ake yi. Mutanen Wagadugu akwai girmama gawa. Hannayen makarar sun leƙo ta baya, masu ƙananan babura na mobilet suna kaucewa suna tsayawa a gefen hanya, wani dattijo ya cire hula, wani ɗan sanda ya tsayar da motoci ya ba ni hanya har da ƙamewa. Ni kuwa ina ciki, gilashi a rufe, klim, wato na'urar sanyi, tana busa ni, hawaye suna sauka a kan ledar kujera.

Gidan bai yi wuyar ganewa ba, kamar yadda ta faɗa. Rumfa ta tare layi, ga kujerun ƙarfe, ga manyan tukwane a kan wuta. Duk wannan ana yi a gidan makoki. Na ga mata da shadda, ɗaurin kai ya tashi sama, na ce a raina duniya ta lalace, yanzu har gidan mutuwa ado ake zuwa yi. Da suka hango farar mota sai wata ƙara mai tsini ta tashi. Guɗa ce. Amma ta cikin rufaffen gilashi, da kunnen da ya riga ya yanke hukunci, ni kururuwa na ji. Na tsaya a bakin layi, hancin mota yana kallon jama'a, bayanta yana kallon hanya.

Fuskokin Zango ne ko'ina, waɗanda na daɗe ina marmarin gani. Suna ta "Alaji! Kai ne? Ina ka shige?" suna washe baki, ni ina sunkuyar da kai ina cewa, "Sai haƙuri, sai haƙuri." (Daga baya na ji sun ɗauka maganar rushe unguwa nake yi.) Sai ga sanƙira ya manne mini. Aikin sanƙira a taro shi ne, duk abin da babban mutum ya faɗa a hankali, shi ya ɗaga shi sama kowa ya ji. Ya ga Alhaji ya fito daga mota mai leda, ai ya ga abinci. Na harare shi, ya ɗauka gaisuwa ce.

A tsakiyar rumfa wani dattijo ne zaune, siriri, da sabuwar farar riga, duk wanda ya zo sai ya ba shi hannu. Ban san shi ba. Na san dai Zuwaira tana da wa a Ƙonni wanda ban taɓa gani ba, na ce shi ne, shi ke karɓar gaisuwa. Na durƙusa a gabansa na kama hannunsa da hannu biyu. Niyyata in ce Allah ya ba da haƙuri in tashi, amma abin da na danne shekaru ya ga ƙofa a buɗe.

Na ce, "Malam, ni maƙwabcinta ne na Zango."

Sanƙira ya ce, "Alaji ya ce shi maƙwabcinta ne na Zango!"

Na ce, "Duk wurin nan ba wanda ya yi rashi kamata."

"Ya ce duk wurin nan ba wanda ya yi rashi kamatai!" Muryarsa ta ɗan yi ƙasa a ƙarshe, amma bai saki aiki ba.

Na ce, "Wallahi na so in aure ta. Kullum ina cewa gobe. Ga shi yau wanda ya fi ni iko da ita ya karɓe ta."

"Ya ce ya so ya aure..." Nan sanƙira ya haɗiye sauran, amma wanda ya fita ya riga ya fita.

Har matan da ke wajen tukwane sun tsaya da muciya a hannu. Dattijon bai janye hannunsa ba. Ya duƙo ya dube ni da kyau, ya ce da Hausarsa ta Ƙonni, "Alaji, lahiya kuwa? Wa ka zo yi ma gaisuwa?"

Na ce, "Allah ya jiƙan Zuwaira, ya sa ta huta."

Ya ce, "Amin, in lokacinta ya yi. Amma ɗazu-ɗazun ga anka ɗaura muna aure, kuma da na leƙa tana can tana faɗa da masu tuwo."

Kafin maganar ta gama shiga kaina, na ji muryar Sule daga bakin layi. Shi da wasu maza sun ɗauko ƙarafan gado za su ɗora a mota, ya yaye tabarma. "Eh! Tonton! Ça c'est quoi?" Jama'a duka suka taso. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni wurin ba. Malam Hamidu ya kutsa gaba, ya dafa ta ya ce, "Wannan ai makararmu ce! Wa ya mutu?" Duk ni ake kallo.

Sai ga Zuwaira ta fito daga zaure, lalle har wuyan hannu, da ranta da lafiyarta, har ta ɗan yi ƙiba. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum kamar lokacin ba, kuma ban taɓa son ƙasa ta tsage in shige kamar lokacin ba. Nan ne na jingina da mota. Ta zo ta leƙa bayan motar, sannan ta dube ni.

"Maƙwabci, wannan ta wa ce?"

Da ina da hankali da na ce hanya ce ta biyo da ni, wani wuri zan kai. Sai bakina ya ce, "Taki ce, Hajiya."

Ta ce, "To an gode. Amma ban shirya ba tukuna, yau wani gidan zan fara zuwa."

Dariyar da ta fashe ina jin har masu gadin masana'antun Kosodo sun ji ta. Malam Hamidu ya zauna a ƙasa yana share ido da rawani. Sanƙira kuwa, don ya rama abin da ya haɗiye, ya ɗaga murya: "Jama'a, gudummawa ta iso! Wasu sun kawo kwano, wasu sun kawo zani, Alaji Makara ya kawo ta tafiya mai nisa!" Daga bakinsa sunan ya fito, kuma bai koma ba.

Angon, Malam Ali, tsohon direban manyan motoci ne. Matarsa ta rasu, ya zo Wagadugu wurin ɗansa, ya tsaya sayen masa wata safiya, ya dawo washegari, kafin mako ya zagayo ya yi magana. Abin hawansa kuwa na gan shi jingine da rumfa, tsohuwar mobilet ce da aka ɗaure wa salansa da waya. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya zo ya riƙe hannuna ya ce, "Alaji, kar ka damu. Duk cikin masu yi min barka, kai ɗai ka gaya min darajar abin da na samu."

Aka shiga shawarar makara. Ba a sauke ta a gidan biki, ba a kuma ɗora gadon amarya a kanta. Malam Hamidu ya ce in mayar da ita inda na ɗauko in dawo, tunda la'asar ba ta yi ba. Na juya. A hanya mutane suka ci gaba da kaucewa suna tsayawa, ɗan sandan nan ya sake ƙame mini, ina jin yana mamakin gawar da aka kai aka dawo da ita.

Da na sauke ta, hanyar komawa ta bi da ni ta Zango. Fili ne fetal, jar ƙasa da ciyawa, sai darbejiyar ƙofar gidana da katafila ta tsallake. Da ita na gane inda katangar take. Na kashe mota na tsaya. Ba kowa sai awaki. Daga nan gidana kudu ne, Kosodo arewa, kuma ba wanda zai zarge ni in na yi kudu na rufe ƙofar ƙarfe na kashe salula. Na daɗe a wurin. Da safe na yi kukan ta mutu, yanzu ga ta da rai, ya kamata in yi murna, kuma na yi. Sai dai ko ta wace hanya, kwanon nan ba zai ƙara sauka a katangata ba, kuma wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Abin da ya tashe ni shi ne tunanin gadon nan da aka bari a tsakiyar layi, da mutanen da ke tsaye suna jirana. Rabon da wani ya jira ni har na manta. Na yi arewa.

Aka loda gado, katifa, akwatuna, tukwane, har da tandar masa. Ina zagayawa ina jan igiya sai ga Zuwaira ta zo duba ko an kife mata tandar daidai. Mutane sun ɗan ja baya. Ta leƙa gaban mota ta ga farin yadi a kan kujera, ta ɗauka ta murza shi tsakanin yatsu.

"Wannan ma ni ka kawo wa?"

Na ce, "Nawa ne na ajiye. Ban ga wanda ya fi shi ba."

Sannan ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta dube ni ba, "Ni na ce Sule ya kira ka. Na ji an ce kana zagaya gari da sabuwar mota, na ce to bari dai ta ga ƙofar gidan nan ko sau ɗaya." Ta ninke yadin ta mayar kan kujera. "Na ji abin da ka gaya wa Malam Ali. Ai katangar nan ba ta da tsawo, maƙwabci. Da makara ka zo, kuma ka makara."

Ta gyara mayafi ta koma ciki.

Ni na kai kayan. Mata suka hau baya kan katifa suna waƙa suna guɗa, wannan karon gilashi a sauke, na ji ta sarai. Ango yana gaba a mobilet yana nuna hanya, ni da sabuwar mota muna bin hayaƙinsa.

Litinin da safe na je wurin Rasmane. Labari ya riga ni, don har tashi ya yi ya tarbe ni yana cije leɓe. Ya fara cewa, "Alaji, in kana son ƙarin lokaci..." Na ce a'a, na ɗauka. Na buɗe katkat na kwance tasbahar Habi daga madubi, na shafa kujerun baya, na fito. Shawarar da ta ci mini shekaru, ko shayin da ya zuba mini bai huce ba na gama ta.

Kuma abin da na nema na samu. Salula ba ta hutawa yanzu. Duk inda ɗan Zango ya faɗa a garin nan, in an yi rashi ko an ɗaura aure, Alaji Makara ake kira. Sai dai duk wanda ya kira, kafin ko sallama sai ya ce, "Alaji, biki ne fa," ko kuwa, "Alaji, wannan ta gaske ce, ka biya wurin Malam Hamidu." Ni ma na koyi tambaya. In aka ce za a ɗauki wance, sai na ce zuwa ina.

Abin da Rasmane bai gaya mini ba game da bashe shi ne, a baya jama'a suke zama. Ina ganinsu ta madubi, ƙarƙashin tasbaha, suna hira, gilashi tsakanina da su. In an isa kowa ya sauka a yi godiya, ni kuma in juya kudu da mota wayam. Waɗanda suka taso bayanmu sun ɗauka don abin da na ɗauko a bayan mota ake kirana da sunan nan, kuma ina taya su dariya a kan haka. Ni da Zuwaira ne kawai muka san ɗaya ma'anar. Darasin dai, in akwai mai so, shi ne: in kana da magana da mutum, ka je ka yi ta da motar da kake da ita, ko da sai an tura.